Dan Allah a daina ɗora wa ƙananan tsoffin motoci manyan tayoyi

Malam Edita, assalamu alaikum. Ina gaisheka da abokan aikinka da duk masu karatu, musamman 'yan uwana direbobi da kanikawa na nan arewacin Kamaru da na tsallaken Logone a Chadi. A taimaka a bani ɗan fili, maganar taya da wili nakeso inyi. Nasan wani zai ce taya kuma har ta kai a rubuto wa jarida, toh wallahi ta kai, saboda abin da muke gani a gareji nan Garwa kullum ƙaruwa yake yi kuma rayukan mutane ne a ciki.

Yayi ne ya shigo. Yaro zai samu tsohuwar Starlet ko Peugeot 205 ko Renault 4 ɗin mahaifinsa da ta daɗe a jingine, ya tayar da inji ya yi mata fenti, abu mai kyau, muna murna da hakan don motocin nan sunfi da yawa daga cikin na yanzu haƙuri da hanyoyinmu. Amma abu na gaba sai kaga ya cire wilinta na ƙarfe inci 13 ya jefar bayan gida, ya je ya sayo wilin alminiyam inci 15 ko 16 mai ƙyalli da taya mai faɗi wadda gefenta ya tsuke, yace wai mota ta zauna. Bayan sati biyu ya dawo yana cewa maigida sitiyari yayi tauri, mota tana jan gefe, tana shan mai, in na taka birki tana rawa, ka duba min inji. Ba inji bane ɗana, ƙafafun da ka saka mata ne.

Bari in fara da rubutun da ke jikin taya, don na lura direbobi da yawa lambar ƙarshe kawai suke dubawa. In kaga 145/80 R13, 145 ɗin faɗin tayar ne da milimita, 80 ɗin tsayin gefenta ne wato kashi 80 cikin ɗari na faɗin, kaga milimita 116 kenan, 13 ɗin kuma girman wili ne da inci. In ka haɗa wilin da gefe biyu sama da ƙasa, tsayin ƙafar gaba ɗaya zai baka wajen milimita 562. Wannan lambar ta 562 da ita kamfani ya auna komai, giya, maleji, birki, sifirin, har faɗin ramin da tayar ke juyawa a ciki. Yanzu ɗauki 195/65 R15 wadda ta cika wajen masu gwanjo saboda ita motocin Turai da yawa ke hawa, tsayinta wajen milimita 634 ne, ta ɗara ta asali da kusan kashi 13 cikin ɗari. Ma'ana in malejinka ya nuna 80 kai kana kan 90 baka sani ba. Kuma kowace giya ta ƙara tsawo, ƙaramin injin da dama da ƙyar yake jan mutum biyar da buhu a but, yanzu ka ƙara masa aiki, tashi daga tsaye sai da cin kuloci, hawa kuma sai ka dawo giya ta biyu a inda da kana wucewa da ta uku. Wanda ya taɓa hawa falez, wato hawan dutsen nan tsakanin Mbe da Ngaundere, da mota cike yasan abin da nake nufi. Saukowar ma tafi ban tsoro, don doguwar taya tana rage wa birki ƙarfi, shi birkin yana riƙewa ne kusa da tsakiyar ƙafa ita kuma hanya tana ja daga can bakin taya, duk yadda bakin ya ƙara nisa hanya ce ke ƙara samun galaba, ga shi injin ma baya riƙe motar a gangare kamar da, sai kayi ta danna birki har ya ɗau zafi ya fara wari.

Amma abin da yafi damuna, kuma shine mutane basa ganewa da wuri, nauyin ƙafar ne. Motocin nan marasa nauyi ne, Renault 4 bata wuce kilo 600 zuwa 700 da wani abu ba, Starlet ma bata kusa da tan ɗaya. Jikin mota yana zaune akan sifirin, amma taya da wili da birki su suna ƙasa, duk ramin da aka shiga su ke tashi su sauka, shok ɗin, amotisa kenan, aikinsa ya danne su su koma ƙasa da sauri. Ka ɗauki muciya a hannu ka kaɗa ta sama da ƙasa da sauri, sannan ka ajiye ka ɗauki taɓarya ka gwada haka, zaka ji ita ce ke jan hannunka ba kai ke juya ta ba. Haka amotisar ƙaramar mota take ji in an rataya mata babbar ƙafa. Mutane suna zaton tunda alminiyam ne ai bashi da nauyi, su ɗora a sikeli su gani, babban wilin alminiyam mai araha da faffaɗar tayarsa sau da yawa yafi ƙaramin na ƙarfe da tashi tayar nauyi nesa ba kusa ba. Akan kwalta mai sumul baza ka ji komai ba. Bari ka sauka kan burji mai gargada irin na rani, ƙafar zata dinga tsalle tana barin ƙasa, kuma tayar da ke sama bata birki bata kwana, sai kaji bayan motar yana zamewa gefe a hankali kai kuma sitiyarinka a miƙe yake. Direbobi suna cewa iska ce ko aljanun hanya, alhali ƙafa ce bata taɓa ƙasa.

Sai gefen taya. A tsohuwar ƙaramar mota gefen tayar nan mai tsayi yana cikin abin da ke shanye duka, shi ke fara karɓar rami kafin sifirin ya ji. In ka sa 195/50 R15 tsayin ƙafar gaba ɗaya bai yi nisa da na asali ba, wajen 576 ne, ta wannan ɓangaren da sauƙi, amma gefen ya sauko daga milimita 116 zuwa 97, in ka je inci 16 ya ƙara tsukewa. Gaskiya ne, bazan ɓoye ba, a kwalta mai kyau irin wadda aka gyara cikin garin Garwa lokacin gasar cin kofin Afirka ta farkon 2022, gajeren gefe yana sa mota ta amsa sitiyari nan take, kana juyawa tana bi, kuma yara wannan suke ji su ce ta fi daɗi. Toh amma mu ina muke zuwa da motocin? Mora zuwa Dabanga zuwa Kuseri, hanyar Mokolo zuwa Rumsiki mai duwatsu, ƙauyukan bayan Lagdo, kasuwar Pitoa ranar Lahadi da kaya har rufi. Rami ɗaya mai kaifin baki ya isa, tayar zata matse tsakanin wili da bakin kwalta, zaren cikinta ya tsinke ta fito da ƙululu a gefe, kuma taya mai ƙululu ta gama aiki ko da zanenta sabo ne fil. Wilin ƙarfe in ya lanƙwashe a daji da guduma zaka miƙe shi ka sa iska ka ƙarasa gida, na alminiyam tsagewa yake, ka tsaya kenan, kuma akwai wuraren da a wannan zamani ba'a son dare ya riski mutum a tsaye a gefen hanya, duk wanda ke bin arewa mai nisa yasan haka.

Akwai wani abu kuma da dogon gefe yake yi wa direba. Kafin ya saki hanya a kwana yana gargaɗi, zaka ji motar tana kwanciya, taya tana ƙara, sitiyari yana sauƙi a hannu, sai ka ɗaga ƙafa. Faffaɗar taya mai gajeren gefe tana riƙewa tana riƙewa sai kawai ta saki gaba ɗaya, a gudun da yafi na da, kuma a motar da bata da ABS, na'urar da ke hana ƙafa kullewa in an taka birki, bata da komai na zamani da zai taimake ka.

Maganar faɗi ita ce inda muke yawan musu da samari. Suna cewa faɗi shine riƙo. Toh a lissafa, mota mai kilo 800 kowace ƙafa tana ɗauke da wajen kilo 200, iska kuma kilo 2, wurin da roba ke taɓa ƙasa zai zama wajen santimita 10 sau 10 ne a ƙiyasi. In ka sa mai faɗi da iska iri ɗaya wurin baya ƙaruwa sosai, siffarsa ce ke canzawa, ya zama gajere ta gaba da baya mai faɗi ta gefe. A busasshiyar kwalta wannan yana ƙara riƙo a kwana, na yarda. Amma damina fa? Ruwan Agusta in ya kwanta a kwalta, siririyar taya yanka shi take ta taɓa ƙasa, mai faɗi a ƙarƙashin mota mara nauyi sai ta hau kan ruwan ta yi ta sulɓi, sitiyari ya zama kamar babu shi. A laka ma haka, siririya tana nutsewa ta kama ƙasa mai tauri. Sannan kwaltarmu manyan motocin da ke ɗauko kaya daga tashar jirgin ƙasa ta Ngaundere zuwa Njamena sun kwarɓa ta sun yi mata kwari biyu, faffaɗar taya bin kwarin nan take yi, kana son fita ka wuce wani tana fizgar ka tana maida ka. Ga taurin sitiyari, yawancin motocin nan basu da pawa, hannu ne kawai, kuma duk ƙarfin da kake sawa wajen juyawa a tsaye rotil da tayarod, ƙarafan da ke haɗa sitiyari da ƙafa, su ne ke sha.

Wani zai ce yashi fa, ai a yashi faɗi ne ke aiki. A yashi rage iska ne ke aiki, kuma taya mai dogon gefe ce ke bada damar ragewa, sai ta baje ta gaba da baya ta hau kan yashin. Mai gajeren gefe in ka rage mata iska wili ne zai sauka ƙasa. Citroën 2CV da tayarta mai faɗin milimita 125 kacal akan wili inci 15, a 1973 guda 60 suka taso daga Abidjan suka ratsa hamadar Tenere har Tunis, tafiyar kilomita wajen 8000. Renault 4 ta 'yan uwan nan Marreau, wadda aka mayar mai jan ƙafa huɗu, ita tazo ta uku a tseren Paris zuwa Dakar na 1980. Masu ƙera 2CV tun farko umarnin da aka basu shine mota ta ratsa gonar da aka yi wa huɗa da kwandon ƙwai kuma kada ɗaya ya fashe, da sifirin mai laushi da doguwar siririyar ƙafa mara nauyi suka cimma hakan. Wannan tunanin yafi kusa da hanyoyinmu akan na motocin tsere da yara ke kallo a waya.

Ina son misalin Mini ta Ingila duk da ba kasafai ake ganinta a nan ba, saboda mota ɗaya ce da ta hau girman wili uku daga kamfani kuma an ga bambancin ƙarara. Alec Issigonis ya fito da ita a 1959 da wili inci 10, ya zaɓi ƙarami haka ne don ƙafafun kada su cinye wurin zama a motar da tsawonta mita uku ne da ɗan kaɗan, har sai da Dunlop suka yi mata taya ta musamman. Akan inci 10 ɗin nan Mini Cooper S ta ci tseren Monte Carlo a 1964 da 1965 da 1967 gaban motocin da suka ninka ta ƙarfi. A 1984 aka mayar da ita inci 12, kuma dalilin birki ne, suna son faifan birki mafi girma a gaba wanda baya shiga cikin inci 10, sannan suka rage gefen tayar zuwa 145/70 don tsayin ƙafar kada ya yi nisa. Daga 1996 aka fito da wata mai inci 13 da taya 175/50 mai faɗi, sai da suka ƙara mata manyan madigadi kuma suka rage iyakar juyawar sitiyari don kada taya ta goga jiki, wato juyawa a ƙaramin wuri ya ƙara wuya. A ido ita tafi kyau, amma ka tambayi masu tuƙa Mini na gaske, da yawansu inci 10 suke komawa don tafi sauƙi a hannu tafi shanye hanya. Toh in kamfani da injiniyoyinsa da filin gwaji sun ƙara inci uku kuma sai da aka rasa wani abu, ina ga mu da muke yi a gindin darbejiya da sifana da guduma.

Haka Peugeot 205, yara suna cewa ai GTI, samfurinta mai gudu, da inci 14 da 15 ta fito. Eh haka ne, amma GTI injinta daban, sifirinta da amotisarta da birkinta duk daban, an gina ƙafar ne don wannan tayar. Ta gida mai ƙaramin inji inci 13 ce siririya, baka mayar da ita GTI da wili kaɗai.

Bari in faɗi wadda na gani da idona don kada ace labari nake. Wata Starlet aka kawo mana ana kukan ƙara a ƙafar gaba in an karya kwana. Muka ɗaga ta a jak muka cire wilin hagu, cikin madigadin nan taya ta goge fenti ta goge ƙarfe har yana sheƙi, gefen tayar ta ciki kuma an yanka masa layi zagaye kamar da wuƙa, ina sa farce ina taɓa zare. Tiyon birki, na roban nan da ke kawo mai zuwa ƙafa, shima ta fara cin bayansa, saura ƙiris ya huje. Na juya wilin na duba ramukan noti, sai naga an bi su da fayil an ja su sun zama dogaye, ashe wilin na Peugeot ne aka tilasta shi ya hau Toyota. Noti biyu sun riga sun saki, da yatsa na kwance su. Mai motar dattijo ne mutumin kirki, da ita yake kai iyalinsa Figil da Gider, ɗansa ne ya yi masa gyaran don ya faranta masa rai. Na kira yaron na nuna masa tiyon, bai ce komai ba idonsa ya kawo ruwa.

Wannan na ramukan noti dan Allah kanikawa mu ji tsoron Allah akai. Rami huɗu ba duka ɗaya bane. Yawancin Starlet 4x100 ne, wato rami huɗu akan da'ira mai faɗin milimita 100, yawancin ƙananan Peugeot da Citroën 4x108, Fiat 4x98, tsohuwar Mini kuma 4x101.6, Renault 4 da 2CV ma noti uku garesu. Mafi haɗari sune waɗanda suka kusa daidai, kamar 98 da 100, don wilin zai shiga notin zai ɗauru kaga kamar lafiya, alhali kowane ƙarfen noti a lanƙwashe yake ɗauke da nauyi, wata rana kana gudu ya gutsure. Ramin tsakiya ma dole ya zauna daf akan hob, wato cibiyar da ake ɗaura wili a kai, in ya yi yawa sitiyari zai dinga kakkarwa ko sau nawa aka yi balansin. Kuma mazaunin notin wilin alminiyam sau da yawa ba irin na ƙarfe bane, sai da nasa notin.

Akwai lamba ɗaya da kusan babu mai dubawa, a bayan wili zaka ga an buga ET da lamba a gaba, kamar ET45 ko ET20. Ita ke nuna yadda wilin zai shige ciki ko ya turo waje. Samari suna son wanda ya turo waje mota ta buɗe ƙafa, har wasu suna cusa farantin ƙarfe tsakanin wili da hob don ya ƙara fitowa. Ita ƙafar gaba tana juyawa ne akan wani layi da kamfani ya saita ya faɗo kusa da tsakiyar inda taya ke taɓa ƙasa, in ka tura tayar waje ka raba su, daga nan duk dutsen da ƙafa ɗaya ta buga sai ya fizgi sitiyari daga hannunka, in ka taka birki ƙafa ɗaya na kwalta ɗaya na ƙasa motar zata juya da kanta, in tayar gaba ta fashe kuwa sai dai addu'a. Boris ɗin ƙafa ma nauyi baya sauka masa a tsakiya, shi yasa zaka ga ana canza boris duk bayan 'yan watanni ana zagin kayan gyara wai jabu ne.

Masu Volkswagen kunkuru, nasan har yanzu akwai masu riƙe da ita tun na haɗin Legas, ku naku yafi buƙatar kula. Injinta a baya yake, nauyin yana baya, shi yasa iskar tayar gaba take ƙasa da ta baya kuma haka kamfani ya rubuta, kada mai faci ya cika muku su daidai. Tsarin ƙafarta ta baya a tsofaffin, in aka shiga kwana da ƙarfi ƙafar waje tana son lanƙwashewa ta shige ƙarƙashi bayan ya ɗago, in kuka ƙara mata taya mai riƙo fiye da kima maimakon ta ɗan zame ta gargaɗe ku sai ta nemi kifewa.

Nasan uzurin da ake bayarwa, kuma ba ƙarya bane. Inci 13 mai kyau tana wahalar samu yanzu, motocin Turai sun koma manyan wili, gwanjon da ke sauka Duwala ko ya biyo ta Najeriya 15 da 16 ne suka fi yawa, mai taya kuma abin da ke shagonsa zai ce maka shine daidai. Wasu kuma tsayi suke nema don ƙasan mota ya daina gogar hanya, wannan buƙata ce ta gaske a wajenmu. Amma a sani rabin abin da aka ƙara ne kawai ke zama tsayi, kuma duk abin da ka ɗaga mota ka ƙara mata kwanciya a kwana. Ni abin da nake gaya wa masu zuwa wajena, in dole sai an canza toh tsayin ƙafar gaba ɗaya kada ya wuce kashi 3 cikin ɗari sama ko ƙasa da na asali. Mai 145/80 R13 zai iya hawa 165/70 R13, tsayinsu kusan ɗaya ne 561 da 562, in faɗin wilinsa ya karɓa. In inci 14 ya samu mai ramin noti daidai da ET kusa da nasa, 165/65 R14 tana wajen 570, ba laifi. Daga nan kuma a tsaya. Bayan an ɗaura a juya sitiyari har ƙarshe dama da hagu, a zuba mutane a baya a bi ta kan rami a saurara, a kuma duba tiyon birki da ido.

Kuma ƙafa biyu na layi ɗaya su zama girma ɗaya iri ɗaya, wannan ba abin wasa bane. Kullum muna ganin 155 a dama 175 a hagu, mota tana ja, giyabos yana wahala don ƙafa ɗaya tana juyi fiye da ɗaya ko a miƙaƙƙiyar hanya. In biyu kawai aljihu ya iya saya sabbi, a baya ake sa su ko da motar da gaba take ja, saboda gaba in ya zame kana da sitiyari a hannu, baya in ya zame a ruwa juyawa zakayi ka fuskanci inda ka fito. Direbobi da yawa basa yarda da wannan in na faɗa, amma masu ƙera tayar da kansu haka suke bada shawara.

Mai sayen gwanjo ya duba lamba huɗun da ke ƙarshen layin DOT a gefen taya, biyun farko sati ne biyun ƙarshe shekara, 2318 yana nufin sati na 23 a 2018. Michelin da kansu suna cewa taya in ta kai shekara 10 a sauke ta ko zanenta bai cinye ba, balle a zafin Garwa na Maris da Afrilu da ke haura digiri 40 kwalta tana tiriri. Wadda kaga hoton dutse da ƙanƙara a jikinta ta lokacin sanyin Turai ce, robarta laushi gareta, a zafinmu cinyewa take da wuri kuma birkinta a busasshiyar kwalta baya kai na taya ta gari. Wadda aka bi da wuƙa aka sassaƙa mata sabon zane kuwa ko kyauta aka baka kada ka karɓa. A duba lambar nauyi ma, 75T da ke bin 145/80 R13 tana nufin kilo 387 kowace ƙafa, mai lodin buhunan masara a Starlet ya lissafa da kansa.

Iska kuma, 'yan uwana masu faci ku yi haƙuri da ni, buga taya da ƙarfe a saurari ƙara ba awo bane. Ƙaramar mota wajen kilo 2 take so, adadin yana rubuce a jikin ƙofa ko murfin tanki ko littafin motar, kuma da safe ake aunawa kafin taya ta ɗau zafi. Ana dura musu kilo 3 da wani abu kamar na motar kaya, sai mota ta dinga tsalle tsakiyar taya ya cinye, mai ita ya ce amotisa ta mutu ko ya ce tayar ce ta yi ƙanƙanta ya tafi neman babba, alhali da an sauke iskar zuwa inda ya dace da ya ji motarsa ta dawo.

Malam Edita roƙona uku ne ko ince biyu da rabi. Masu duba lafiyar mota a wajen bizit su riƙa kallon girman taya da ramukan noti da ko tana gogar jiki, ba fitila da hon kaɗai ba. 'Yan kasuwarmu masu shigo da taya, Alhazai dan Allah ku riƙa sako inci 13 sabbi a cikin kaya, masu saye suna nan da yawa daga Ngaundere har Marwa har Njamena, rashinta ne ke tura mutane ga abin da bai dace ba. Ku kuma a jarida in da hali ku buga hoton gefen taya da bayanin lambobin nan da Hausa, mu kanikawa zamu yanka mu manna a bangon gareji don direban da bai yi boko da faransanci ba ya gani da idonsa. Wanda kuma ya riga ya cire wilinsa na asali kada ya sayar wa 'yan gwangwan, ya wanke su ya ajiye guda biyar ɗin har da safaya, samun irinsu yanzu sai an sha yawo.

Na gode da fili. Wassalam.

Naku,
wani bakanike mai karanta ku daga Garwa, arewacin Kamaru